Ɗana, Kada Ka Raina Ƙananan Kalmomin Kwatance a Faransanci

Ɗana, kai da ka ɗauki littafin Faransanci, ko makaranta ce ta ɗora maka shi ko kuwa neman halali ne ya kai ka Kwatano da Yamai da Garwa, matso kusa mu yi magana. Ke ma 'yata, wannan zancen da ke nake. Ina lura da yadda kuke karatun nan. Kuna kwana kuna haddar sunayen abubuwa, kuna jera aikatau a kan allo har muryarku ta dushe, amma da kun iso kan “à” da “au” da “en” da “dans” da “chez” da “sur” da “sous” sai ku tsallake da sauri, wai ai ƙanana ne, za su zo da kansu. Ba sa zuwa da kansu. Faransawa suna kiransu “prépositions”, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta nahawu ya san danginsu a Larabci, wato harufan jarri irin su “fi” da “ala” da “min” da “ila”. Ka taɓa ganin malamin da ya bar almajiri ya wuce su don kawai gajeru ne? To yadda ka ba su haƙƙinsu a can, haka za ka ba su a nan.

Dubi inda Allah ya ajiye mu. Ƙasashe huɗu ne suka yi iyaka da Najeriya ta tudu, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma dukkansu ana aikin ofis da Faransanci. Shi ya sa aka kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri a 1991, shi ya sa kuma a 1996 Janar Sani Abacha ya ce a ɗauki Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu. A Nijar an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, abin da ya faranta mana rai, amma an bar Faransanci a cikin harsunan aiki, kuma takardar likita da takardun duwan da allunan kan hanya har yau da shi ake rubuta mafi yawansu. Wanda ya bi Jibiya zai shiga Maraɗi, ko ya bi Illela zai shiga Birnin Ƙonni, Hausarsa za ta ishe shi ciniki da gaisuwa. Ranar da ya wuce Gaya ya nufi tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ko ya sauka Yawunde da dare yana neman unguwar Hausawa ta Briqueterie, tambayarsa ta farko ita ce ina, kuma amsar da za a ba shi ƙananan kalmomin nan ne za su riƙe ta.

Matsalar farko daga bakinmu take fitowa. Hausa harshe ne mai rangwame a wannan fanni. Sai ka ce “na tafi Maraɗi”, ko “ina Maraɗi”, ba ka sa komai tsakanin kai da garin ba, kuma maganarka ta cika. Faransanci bai yarda da wannan ba. Dole ka ce: je vais à Maradi, je suis à Maradi. Bahaushe yakan ji daɗi da ya ga “à” ɗinsu ta yi kama da “a” ɗinmu, kuma lallai a wani gefen aikinsu ɗaya, tunda “na gan shi a Damagaram” shi ne je l'ai vu à Zinder. Amma mu ba ma cewa “na tafi a Damagaram”, don tamu ta zama ce kawai, tasu kuwa ta zama da tafiya ce duka. Saboda haka a wajen tafiya ne za ka riƙa yar da ita ba ka sani ba, ka ce je vais Kano. Ka tsare harshenka a daidai nan. Sunan gari duk inda yake “à” yake ɗauka: à Kano, à Niamey, à Agadez, à Médine. Makka kuwa sunanta a wurinsu La Mecque, don haka à La Mecque. Alƙahira sunanta Le Caire, sai aka ce au Caire.

Wannan “au” ɗin ba wata baƙuwar kalma ba ce. Idan “à” ta haɗu da “le” sai su narke su zama “au”, idan ta haɗu da “les” su zama “aux”, amma a gaban “la” da “l'” tana nan yadda take. Haka “de” take yi, ta zama “du” da “des”. Kasuwa namiji ce a wurinsu, sai ka ce au marché. Masallaci mace ne, à la mosquée. Asibiti da makaranta, à l'hôpital, à l'école. Kusa da kasuwa, près du marché. Nesa da tasha, loin de la gare. Ka ga ke nan ba za ka iya wannan ba sai ka san jinsin kowane suna, kuma babu hanyar saninsa sai hadda. Don haka daga yau kada ka sake rubuta “marché” shi kaɗai a littafinka. Rubuta le marché, au marché, du marché, ka haddace su tare kamar kalma guda.

A kan sunayen ƙasashe nake so mu daɗe, domin nan ne na fi ganin ɗalibai masu ƙoƙari suna tuntuɓe. A Hausa kowace ƙasa mace ce, kowane gari ma haka. Najeriya ta yi zaɓe, Nijar ta rufe iyaka, Kano ta cika. Ba mu da ƙasa namiji ko ɗaya. Sai ɗalibi ya ji an ce ƙasa mace tana ɗaukar “en”, kamar en France, nan take zuciyarsa ta ba shi en Nigeria, en Niger, musamman da yake Najeriya ta ƙare da wasalin da muka saba jinsa a sunayen mata. To a Faransanci mafi yawan ƙasashen da ke kewaye da mu maza ne: le Nigeria, le Niger, le Tchad, le Cameroun, le Bénin, le Ghana, le Togo, le Mali, le Soudan, le Sénégal. Duk “au” suke ɗauka: au Nigeria, au Niger, au Tchad, au Cameroun. Ka yi tunani, tambayar farko da jami'i zai yi maka a kan iyaka ita ce ina kake zaune, daga ina kake, ina za ka. Idan sunan ƙasarka ma ba ka iya ɗora shi daidai ba, da wane ido zai dubi sauran bayaninka?

Ga ƙa'idar da za ta raka ka. Sunan ƙasar da ya ƙare da harafin “e” a rubuce galibi mace ne, kuma “en” yake so: en Côte d'Ivoire, en Algérie, en Libye, en Égypte, en Guinée, en Arabie saoudite. Akwai 'yan kaɗan da suka ƙare da “e” amma maza ne, irin su le Mexique, le Mozambique, le Zimbabwe da le Cambodge, waɗannan sai au Mozambique, au Mexique. Ƙasa namiji da sunanta ya fara da wasali ita ma “en” take ɗauka don sauƙin furuci: en Iran, en Irak, en Angola. Wadda sunanta jam'i ne kuwa “aux”: Amurka aux États-Unis, Daular Larabawa aux Émirats arabes unis. Wasu tsibirai ana bi da su kamar garuruwa, à Madagascar, à Cuba. Idan za ka faɗi inda ka fito, jinsin nan dai shi ne zai sake yi maka jagora: je viens du Nigeria, du Niger, amma de France, d'Algérie, des États-Unis, de Kano. Jiha da yanki kuwa “dans” ake sa musu: dans l'État de Katsina, dans la région de Tahoua.

Idan har yanzu kana ganin abin wasa ne, ɗauki sunan nan le Niger ka juya shi. Ƙasa ce, kogi ne kuma, kogin da muke kira Kwara. Wanda ya ce il est au Niger, yana nufin mutumin yana ƙasar Nijar. Idan ya ce sur le Niger, yana bisa kogin a cikin kwalekwale. Au bord du Niger, yana bakin kogi. Dans le Niger kuwa yana cikin ruwan tsundum, kuma idan da wannan ka aika wa iyayen yaro saƙo ka tayar da hankalin gida a banza. Wanda ke Minna shi kuma yana dans l'État du Niger. Haka zancen arewa yake. Idan kana so maganarka ta fita sarai, ka ce Kano tana dans le nord du Nigeria, wato a cikin arewacin ƙasar, ita kuwa Jamhuriyar Nijar tana au nord du Nigeria, wato arewa da ita, a waje.

Yanzu ga wadda ta fi kowacce ɓatar da Bahaushe a kan titi, kuma ban cika ganin littattafan makaranta sun kula da ita ba, saboda ba don mu aka rubuta su ba. Mu da kalma ɗaya muke auna wuri da lokaci. Muna cewa bayan masallaci, muna cewa bayan sallah. Faransawa sun raba su: derrière la mosquée, amma après la prière. Haka gaba: devant la mosquée shi ne a gaban masallaci, a ƙofarsa, avant la prière kuwa kafin sallah. To, ɗalibi ya riƙe cewa “après” ita ce bayan. Sai ya tsaya a titi ya tambayi hanya, aka ce masa c'est après la mosquée. Me zai yi? Zai zagaya bayan masallaci yana duba lunguna. Alhali abin da aka gaya masa shi ne ya ci gaba da tafiya, sai ya wuce masallacin zai ga wurin. Mu abin da muke cewa a nan shi ne “gaba da masallaci”. Ka ga inda muka ce gaba, su bayan suka ce, domin su tafiyar suke lissafawa, wane ka fara isa, wane ya biyo. Haka idan aka ce avant la station, ana nufin kafin ka kai gidan mai, ba a ƙofarsa ba. Ka zauna da waɗannan huɗun, devant da avant, derrière da après, har sai kunnenka ya daina haɗa su. Idan kai ne mai kwatancen kuma, ka tuna kishiyar haka: kada ka ce devant le marché kana nufin gaba da kasuwa, don baƙon zai je ƙofar kasuwa ya tsaya yana jiranka har rana ta faɗi.

Sauran 'yan'uwansu ba su da wuya: entre tsakanin, à côté de a gefen, en face de a tsallake suna kallon juna, au bout de a ƙarshen, jusqu'à har zuwa, vers wajejen.

Dama da hagu kuwa, à droite da à gauche. Amma ka buɗe kunne, akwai tout droit, ma'anarsa ka miƙe sak kada ka karkata. A rubuce harafi ɗaya ne ya raba droit da droite. A furuci kuwa ta dama ana jin “t” a ƙarshenta, ta miƙewa ba a ji. Direba ya leƙo ta taga cikin hayaniya, aka ce masa tout droit, ya ji droite, ya karya kwana da babbar mota cike da kaya cikin lungun da babu wurin juyawa. Idan ka sauka Yamai za ka ji ana ta ambaton rive droite da rive gauche, wato gaɓar dama da gaɓar hagu. Ba damarka ake nufi ba, damar kogin ce idan ka fuskanci inda ruwa ke gangarawa. Babbar kasuwa tana gaɓar hagu, Jami'ar Abdu Mumuni kuwa tana gaɓar dama, a Harobanda, sai ka haye gada.

Ina roƙonka da ka ba “sur” da “sous” kulawa ta musamman, don su ba a ɓatan hanya kaɗai suke tsayawa ba. Ɗaya a kan, ɗaya a ƙarƙashin. Wasalin da ke cikin “sur” babu shi a Hausa, shi ya sa bakinmu yake mayar da shi “u” tamu, sai kalmomin biyu su kusa zama ɗaya. Abin ya fi muni a tsakanin dessus da dessous, inda wasalin nan ne kaɗai ya raba sama da ƙasa. Dabarar furta shi ita ce ka tattara leɓɓanka kamar za ka ce “u”, sannan ba tare da ka sake su ba ka ce “i”. Yi ta maimaitawa kai kaɗai har ya zauna, kada ka ji kunyar kowa. Dalilina shi ne akwai maganin ciwon zuciya da ake sa wa sous la langue, a ƙarƙashin harshe, don ya shiga jini da sauri. Akwai allurar da ake yi sous la peau, a ƙarƙashin fata, kamar ta masu ciwon suga, akwai kuma man da ake shafawa sur la peau. Wata rana kai ne za a miƙa wa takardar magani a ce “kai da ka yi lakwal, karanta mana”, kuma tsohuwar da ke kwance ta dogara da abin da zai fito daga bakinka. Idan ka yi shakka ko kaɗan, koma wurin mai kantin maganin ko likitan ya nuna maka da hannu. Haka a takardun ofis, ci-dessus na nufin abin da ke sama, ci-dessous abin da ke ƙasa, kuma a kansu ake ce maka ka sa hannu.

Akwai kalma ɗaya da nake ƙauna a cikinsu, ita ce “chez”, domin ta dace da tunaninmu. Mu ma mun raba zuwa wuri da zuwa wajen mutum. Muna cewa na je asibiti, amma na je wajen likita. Su ma haka: à l'hôpital, amma chez le médecin. À la pharmacie, amma chez le pharmacien. Za ka wajen tela, chez le tailleur, wajen mahauci, chez le boucher, gidan kawunka, chez mon oncle. Duk inda Hausarka ta ce wajen wane ko gidan wane, sa “chez” ba ka yi kuskure ba. Kada ka ce je vais à mon oncle, kada kuma ka sa ta a gaban sunan wuri ka ce chez l'hôpital. Da ita ake cewa chez nous, a wajenmu, a gida, a al'adarmu. Baƙon da ka ce wa vous êtes chez vous ka gaya masa nan gidansa ne, kuma wannan karamci ne da iyayenka suka koya maka tun kafin ka san akwai wani harshe wai shi Faransanci.

Akwai wuraren da ba ƙa'ida za ta fitar da kai ba sai sabo. Mu muna cewa a kan titi, sai ka so ka ce sur la rue, su kuwa a Faransa da maƙwabtanmu dans la rue suke cewa idan titin cikin gari ne mai gidaje dama da hagu, amma babbar hanyar mota sur la route. Suna cewa en ville, en brousse, amma au village, au champ, à la maison. Abin hawan da ake shiga cikinsa “en” yake ɗauka, en voiture, en bus, en avion, en pirogue, wanda ake ɗarewa bisansa kuwa “à”, à moto, à vélo, à cheval, tafiyar ƙasa ma à pied. Unguwanni kowace da nata, à Adjamé, au Plateau, à la Briqueterie. Kada ka ɓata lokaci kana gardamar me ya sa. Kowane harshe da yadda ya ga duniya, mu ma da baƙo zai tsare mu ya ce don me ake cewa “yana kasuwa” ba a sa komai a tsakani ba, ba mu da amsar da ta wuce haka muka tarar.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce a kasuwar Dantokpa ta Kwatano da tashoshin Duwala ka ji mutane suna yar da kalmomin nan suna ciniki lafiya lau. Gaskiya ne, kuma ban yarda ka yi wa kowa dariya ba. Ɗan kabu-kabun da ya koyi harshen a bakin titi yana ciyar da iyalinsa da shi ya cancanci girmamawa, kuma sau da yawa ya fi ka sanin gari. Amma shi yana da hannu da zai nuna, yana da fuskar da za a karanta, yana tsaye a wurin. Kai kuwa za ka rubuta jarrabawa, za ka cika takardar neman biza, za ka yi kwatance ta waya ga direban da ke ɗauke da dukiyar mutane, za ka yi tafinta tsakanin mara lafiya da likita. A waɗannan wurare babu hannun da zai cike maka giɓi. Addininmu ya lissafa shiryar da wanda ya ɓata hanya a cikin sadaka, to wanda zai yi wannan sadakar sai ya tabbata inda ya tura mutum nan ne inda ya nufa. Idan ba ka san wurin ba, ka ce je ne sais pas, ka haɗa shi da wanda ya sani. Idan kai ne baƙon, matambayi ba ya ɓata, amma kada ka gyaɗa kai don kunya alhali ba ka gane ba. Maimaita wa mutumin abin da ya faɗa: après la mosquée, à droite, en face de la pharmacie, c'est ça? Idan ka kauce, nan take zai gyara maka.

Ga aikin da nake so ka fara a daren nan. Ɗauki takarda ka rubuta da Faransanci hanyar da ke tsakanin ƙofar gidanku da masallacin Juma'a, kwana bayan kwana, kada ka tsallake kwalbati ko mai shayi ko gidan mai. Gobe ka rubuta ta kasuwa, jibi ta asibiti. Sannan ka rubuta ƙasashe goma da danginku ko 'yan unguwarku suke zuwa fatauci ko karatu, kowace da “au” ko “en” ko “aux” ɗinta, da kuma “du” ko “de” na dawowa. Idan ka gama kwatancen hanyar, ka miƙa wa abokin karatunka ya bi shi da ƙafa, ya yi abin da takardar ta ce kawai, ba abin da ya riga ya sani ba, kai kuma kana biye da shi ba ka cewa uffan. Duk inda ya tsaya yana waige-waige ko ya karkata inda ba ka nufa ba, ka sa alama a layin, ku koma gida ku duba wace kalma ka sa a wurin.